Langa, Kula Ko Roba? Abin Dubawa Kafin A Sayi Kwanon Ɗaukar Abinci A Kafanchan

Duk wanda ya tsaya a bakin babban titin Kafanchan da misalin ƙarfe 7 na safe ya zuba ido, zai ga kusan kowa da abin da ya riƙo. 'Yan makaranta da 'yan robobinsu cikin kwando, ma'aikatan ofis da kula ɗaure a bayan babur, masu jinya sun nufi babban asibitin gari da langa ƙunshe cikin ɗankwali. Manoma kuwa tuni sun yi sammako zuwa gonakin citta da doya, da jarkar kunu a rataye. Duka abincin rana ne. Tun asuba aka dafa shi, ba kuwa za a buɗe shi ba sai azahar, wani ma sai la'asar. Watau tuwon nan ko faten nan zai yi awa 6, wani lokaci 8, yana zaune cikin mazubi guda, da zafinsa da tsaminsa da maiƙonsa.

To, ga inda maganar take. Uwar gida takan yi awa guda a kasuwa tana zaɓen acca mai kyau, tana shinshina manja, tana latsa tumatir. Amma in ta zo sayen abin da za a zuba girkin a ciki, abu biyu kawai takan duba, kyan fenti da sauƙin kuɗi. Ba safai akan ji mai saye ya tambayi ɗan tireda da me aka yi kwanon ba. Alhali kuwa kwano ba ɗan kallo ba ne a cikin sha'anin abinci. Wani yakan sha man miya ya riƙe, wani yakan saki abin jikinsa ya shiga cikin girkin, wani kuma yakan riƙe ɗumi daidai yadda ƙwayoyin cuta suke so. Abincin wannan yanki kuwa, mai yakuwa da tsamiya da kanwa da manja, yana cikin irin abincin da ya fi gwada ƙarfin mazubi.

Garin Kafanchan ya daɗe da sanin ɗaukar abinci, don kuwa jirgin ƙasa ne ya raya shi. Hanyar jirgin da Turawa suka faro daga Fatakwal a 1913, ta isa Inugu a 1916 saboda kwal, ita ce ta ratso ta Makurɗi ta iso ƙasar Fantswam. A wajen 1927 an riga an haɗa ta da Kaduna, an kuma cire mata reshe ya hau dutse zuwa Jos inda ake haƙar kuza. Nan da nan wurin ya zama mahaɗa. Ibo da Yarabawa da Hausawa suka cika barikin reluwe tare da Bajju da Kaninkon da Kagoro da sauran 'yan ƙasa, har a 1933 fadar Sarkin Jama'a ta koma Kafanchan. Direban jirgi da mai zuba masa kwal da leburan gyaran dogo ba su da halin komawa gida cin tuwon rana. Dole a ƙulla musu guzuri, cikin abin da zai jure girgiza da faɗuwa, wanda kuma za a iya ɗorawa kusa da wuta a ɗumama. Ƙwarya ba ta iya wannan aiki. Yanzu zirga-zirgar jirgi ta ja baya ƙwarai, tashar ta yi shiru, amma al'adar fita da abinci tana nan, sai ma ƙaruwa da ta yi da yawan makarantu da ofisoshi.

TUKUNYAR DA TA RIƘE ZUMA SHEKARA 3,500

Tun kafin zuwan ƙarfen Bature, ƙasar nan ta yumɓu ce. Ƙauyen Nok yana ƙasar Jaba, kusa da Kwoi, tafiyar da ba ta da nisa daga Kafanchan. A 1928 masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu na farko a can. A 1943 kuma aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg a Jos wani kan mutum na yumɓu da aka samo a wajen Jama'a, wanda kafin nan an kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye. Daga nan duniya ta san sunan Nok.

Abin da ya shafi zancen kwano shi ne binciken da masana na Jami'ar Bristol ta Ingila da Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus suka buga a 2021. Sun ɗauki tsingaron tukwanen mutanen Nok fiye da 450, suka niƙa kaɗan daga jikin kowanne suka auna. Cikin waɗanda aka sami maiƙo a jikinsu, wajen kashi ɗaya cikin uku kakin zuma ne. Watau tukunyar da aka zuba wa zuma shekara 3,500 da suka wuce har yanzu ba ta manta ba. Masu ilmin tarihi sun yi murna da wannan, amma uwar gida ita ma tana da darasi a ciki. Yumɓun da ba a yi masa shafen gilashi ba cike yake da 'yan ƙananan ramuka, abin da ya shiga ba ya fita da wanki. Shi ya sa randa ke sanyaya ruwa, don tana tsatsafo, shi ya sa kuma miyar tukunyar ƙasa ke da ƙamshin da ta ƙarfe ba ta da shi. Wajen dafuwa wuta tana kashe abin da ya maƙale. Wajen ɗaukar abinci kuwa tukunya ta yi nauyi, tana fashewa, ba ta kuma da murfin da zai hana zuba.

Ƙwarya da akushi su ma haka suke shan abin da aka zuba musu. Matan Fulani masu tallar fura da nono sun san sirrin: a wanke, a kife a rana ta bushe ƙayau. A nan kudancin Kaduna kuwa, inda ruwa ke sauka daga Afrilu har Oktoba, ƙwaryar da ba ta sami rana ba takan yi fumfuna ta ciki. Ga busasshen abu, irin su gyaɗa, rogo, dafaffiyar doya ko ƙuli-ƙuli, har gobe ƙoƙo da faifai ba su da laifi. Ba sa tsatsa, ba sa sakin kome, in sun fashe kuma ƙasa ta cinye su.

Wanda ya kori ƙwarya daga ɗakin amarya shi ne kwanon ƙarfe mai farin shafe da zanen furanni, irin su langa da samira da fanteka da kwalla. Da fari kantunan Turawa ke shigo da shi daga Turai da Honkon. Daga baya 'yan kasuwar Honkon suka zo da kansu suka kafa masana'antu a Ikko da Kano, kamfanin Nigerian Enamelware ma a 1960 aka kafa shi. Mutane da yawa sun ɗauka farin nan fenti ne. Ba fenti ba ne, gilashi ne. Garinsa ake shafa wa kwanon ƙarfe a sa cikin wuta mai zafin digiri 800 ko kusa da haka, ya narke ya manne. Don haka muddin shafen nan bai ɓantare ba, langa tana cikin mazubai mafi aminci. Tsamin yakuwa ba ya cinta, manja ba ya rina ta, ba ta riƙe wari. Aibinta guda ne, gilashi ba ya son faɗuwa. Da zarar ta bugi siminti sai wuri ya ɓalle, baƙin ƙarfe ya bayyana, tsatsa ta kama. Tsatsa kaɗan ba guba ba ce, amma ramin yakan tara dauɗar da soso ba ya isa, ɓarɓashin gilashin kuma yana iya bin loma. Har wa yau, jan launi da rawaya masu ƙyalli na wasu tsofaffin kwanoni ana haɗa su da sinadaran dalma ko kadmiyam. In zanen a bayan kwano yake, da sauƙi. In a ciki yake, inda miya mai tsami za ta kwana a kansa, gara a bar shi a jere ya yi ado.

YAKUWA DA KANWA A CIKIN ALMINIYAM

Sai alminiyam, wanda tsofaffi ke kira goran ruwa. Ba shi da nauyi, ba ya fashewa, ba ya jan tsatsa, yana ɗaukar zafi nan da nan, ga araha. Kamfanin Tower, wanda aka kafa a Ikko a 1959, ya sa tukwanensa sun shiga kusan kowane gida. Abin da ke kare alminiyam wata siririyar fata ce da iska ke yi masa, wadda ido ba ya gani. Abu biyu ke cinye wannan fata, tsami da kanwa. Gishiri kuma yakan taimaka musu ya huda 'yan ramuka.

Mai karatu ya dubi tukunyar mutanen kudancin Kaduna. Faten acca ko na tsaki ba ya daɗi sai da yakuwa. Kunu sai da tsamiya. Miyar dage-dage tumatir ce zalla. Wake da miyar kuka da karkashi kuwa akan jefa musu kanwa. Duk macen da ta taɓa dafa wake da kanwa a tukunyar alminiyam ta ga yadda cikinta ke yin baƙi, ta kuma ga yadda take komawa fara fat in an dafa yakuwa a ciki. Hasken nan ba tsabta ba ce, tsamin ne ya kankare saman ƙarfen, abin da ya kankare kuwa yana cikin miya. Dafuwar rabin awa da sauƙi. Amma kwanon ɗaukar abinci ba rabin awa yake yi ba, wuni yake yi.

Kada dai a tsorata fiye da kima. Likitoci sun nuna cewa ƙodar mai lafiya tana fitar da mafi yawan alminiyam ɗin da ya shiga jiki, zancen da aka daɗe ana yi kuma cewa shi ke kawo cutar mantuwa ta tsofaffi ba a tabbatar da shi ba. Wanda ya kamata a kiyaye shi ne mai ciwon ƙoda da jariri. Saboda haka mai kai wa majinyaci abinci a asibiti, in fate ne ko kunun tsamiya, ya nemi wani mazubin.

Babban haɗarin yana wani wuri dabam. Akwai kwanoni da tukwane masu kauri da maƙera ke zubawa a cikin rairayi, waɗanda wasu ke kira na dalma ko da yake alminiyam ne. Sana'a ce mai kyau, tana ciyar da gidaje da yawa, tukwanen kuma suna da ƙarko. Matsalar ita ce abin da ake narkawa. In gwangwanin lemo ne da tsofaffin tukwane, to. Amma in an haɗa da ɓaraguzan injin mota, da lagireto, da duk tarkacen da 'yan gwangwan suka kawo, dalma ta gaske tana iya shiga ciki, maƙerin kansa bai sani ba. A 2014 masana daga Amurka da Kamaru suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa irin waɗannan tukwane daga kasuwannin Kamaru. Sun tafasa ruwa mai ɗan tsami a ciki, suka tarar dalma tana fita daga jikin da yawansu. A 2023 kuma wata ƙungiya mai suna Pure Earth ta auna kayan kasuwa a ƙasashe 25, ta sami wajen rabin tukwane da kwanonin ƙarfen da ta gwada suna ɗauke da dalma fiye da ƙima.

Mutanen Arewa ba sa bukatar a gaya musu abin da dalma ke yi. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Wancan guba ce mai yawa a lokaci guda. Ta kwano kuwa kaɗan-kaɗan take shiga, ba amai ba zazzaɓi, sai dai ta taru ta dakushe ƙwaƙwalwar yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da za a ce ba shi da illa, ta kuma ce cikin yaro yana tsotse ta ninki 4 ko 5 na yadda cikin babba ke yi. Yaro ya yi ta faɗuwa jarrabawa, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi, ba wanda zai tuna da kwanon da ake zuba masa fate.

ROBA SUNA CE, AMMA IRI-IRI CE

Yau dai roba ce sarauniyar kasuwa. A Kafanchan, a Zonkwa, a Kachia, a Kwoi, ko'ina aka duba ita ce jibge, ja da shuɗiya da kore, wata da hoton 'yar tsana don a ja hankalin yara. Bahaushe ya haɗa su duka ya ce roba, amma masu yin su ba su haɗa ba. Tun 1988 aka fito da wata alama a Amurka wadda duniya ta ɗauka: in an kife mazubi za a ga ɗan zane mai kusurwa 3 a gindinsa, da lamba a ciki, daga 1 zuwa 7. Dominta aka yi ta masu sake narka shara su rarrabe, amma mai saye ma tana yi masa amfani.

Lamba 5 ita ce ta abinci mai zafi. Tana jure tafasasshen ruwa, ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 160. Lamba 2 da lamba 4 su ma ba su da laifi ga abu mai sanyi ko mai ɗumi. Lamba 1 ita ce gorar ruwan sha da ta lemo, wadda masu kunun zaƙi da zoɓo ke tsintowa. Ba don zafi aka yi ta ba, in an zuba mata ruwan zafi ma sai a ga ta lanƙwashe. Lamba 3 ta bututun ruwa ce da makamantansu, ba ta da gami da tuwo. Lamba 6 ita ce farar nan mara nauyi mai kama da soso, wadda masu sayar da shinkafa ke zuba wa mai tafiya. Mai da zafi suna cinta. Gwamnatin Jihar Ikko ta hana amfani da ita a watan Janairu na 2024, ko da yake babban dalilinta shi ne yadda take toshe magudanun ruwa. Lamba 7 kuwa kwandon tarkace ce, duk abin da bai shiga sauran ba nan ake jefa shi. A cikinta akwai wata roba mai tauri garai-garai kamar gilashi, wadda ke sakin sinadarin da ake kira BPA in ta ji zafi. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shi a bulumbotin jarirai tun 2011, a ƙarshen 2024 kuma suka zartar da hana shi a duk abin da ke taɓa abinci.

Abin takaici, da yawa daga cikin robobin da suka fi araha ba su da lamba, ba su da sunan kamfani, ba a san inda aka yi su ba. Wasu da tarkacen tsohuwar roba aka yi su. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya tana nan tun 1971, NAFDAC kuma tun 1993, amma ba wanda zai tsaya a kan kowane teburi a kowace kasuwar ƙauye. Hancin mai saye ne sufeto. Robar da aka buɗe ta bugo da warin kananzir ko na ƙonanniyar taya, a mayar wa mai ita. Araha ba ta ado.

Ko mai lamba 5 ɗin ma tana da wa'adi. Manja yakan rina ta, ja ya ƙi fita ko an yi ta dirza. Wannan rinin shaida ce cewa mai yana shiga jikin roba, inda mai ya shiga kuwa wani abu yana iya fitowa. In cikinta ya yi kaushi, ya cika da karce, ko ta fara yin fari-fari tana ɓarɓashi saboda rana, aikinta ya ƙare. Haka nan al'adar nan da ta zama ruwan dare, ta kwashe tuwo daga wuta a ƙulle malmala cikin leda, ko a dafa alala a cikinta. Farar leda ma ba don tafasa aka yi ta ba, balle baƙa, wadda galibi da tarkace ake yinta. Ganyen ayaba da ganyen da 'yan kudu ke ƙunsa alala suna nan a kasuwa.

Akwai kuma wata roba da ta fi duka muni, ba kuwa saye ake yi ba, kyauta take zuwa. Ƙasar Jaba da Kachia da Kagarko da Jama'a ita ce uwar citta a Nijeriya, noman yau kuwa ba ya yiwuwa sai da maganin ciyawa da na ƙwari. Bayan annobar da ta ruɓar da gonakin citta a daminar 2023, zancen feshi sai ya ƙara ƙarfi. Jarkar maganin tana da kauri, tana da murfi mai kyau, ba ta yoyo, sai manomi ya ga asara ne a yar. A wanke da omo, a zuba kunu ko ruwan sha, a rataya a tafi gona. Amma maganin yakan ratsa cikin jikin robar, wanki ba ya fitar da shi duka. Abin da malaman gona ke koyarwa shi ne a ɗauraye jarkar sau 3, a juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, sa'an nan a huda gindinta don kada wani yaro ya tsinta. Bokitin fenti da galan ɗin baƙin mai su ma hukuncinsu ke nan.

Kwanon melamin, mai kama da tangaran amma mara nauyi, ya yi kyau ga abinci mai sanyi. Ba ya son tafasasshen abu mai tsami, ba a kuma ɗora shi a wuta. Sinadarinsa ne aka zuba cikin madarar jarirai a ƙasar Sin a 2008, yara wajen 300,000 suka kamu da ciwon ƙoda, ko da yake abin da ke fita daga kwano bai kai ko kusa da wannan ba. Gilashi da tangaran kuwa ba sa sakin kome in shafensu na kirki ne, sai dai nauyi da fashewa. Sun dace da akawun da zai ajiye a kan tebur, ba ɗan firamaren da zai yi tsere da jaka a baya ba.

SILBA DA KULA

In ana maganar wanda ya fi dacewa da girkin wannan ƙasa, kwanon silba ne, watau ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Wani Bature mai suna Harry Brearley ya gano haɗinsa a birnin Sheffield na Ingila a 1913, shekarar da aka fara shimfiɗa dogon Fatakwal. Baƙin ƙarfe ne aka gauraya da kuromiyam, aƙalla kashi 10 da rabi cikin 100. Mai kyan yakan zo da rubutu a gindi, 18/8 ko 304, ma'ana kuromiyam kashi 18, nikel kashi 8. Yakuwa ba ta cinsa a wuni guda, kanwa ba ta baƙanta shi, manja ba ya rina shi, in ya faɗi sai dai ya lotsa. Wanda ya saya wa ɗan fari, auta ma zai gada. A birnin Mumbai na Indiya, inda tun 1890 ake da masu sana'ar kai wa ma'aikata abincin rana daga gidajensu, kafin annobar korona ta 2020 mutum wajen 5,000 ne ke raba kwano kusan 200,000 kullum, galibi irin wannan ƙarfe mai hawa-hawa, miya dabam shinkafa dabam. Tsarin hawa-hawan nan ya dace da tuwo da miya.

Shi ma akwai na jabu. Wani siririn ƙarfe ne aka yi wa wankan ƙyalli, damina guda ya yi jajaye. 'Yan kasuwa sukan gwada da mayen ƙarfe, su ce in bai kama ba to na gaske ne. Gwajin yana da ɗan amfani amma ba hujja ba ne, don akwai mai arahar da shi ma maye ba ya kama shi, alminiyam ma ba ya kamuwa. Nauyi a hannu, da kaurin baki, da rubutun gindi sun fi gaya wa mutum gaskiya.

Sai kula, wadda kowace amarya ke so a gani cikin kayanta. Asalin dabarar ta wani masani ne mai suna James Dewar, a 1892: bango biyu, a zuƙe iskar da ke tsakaninsu, zafi ya rasa hanyar fita. Kular da ke bin wannan tsari, silba ciki silba waje, ita ce mai tsada, ita ce kuma mai riƙe zafi da gaske. Wadda ta fi yawa a kasuwa roba ce a waje, soso a tsakiya, ciki kuwa ko silba ko roba. In za a saya, a nemi mai silba a ciki.

Amma a nan akwai wani tarko da ya fi duk wanda aka ambata saurin kayar da mutum. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba zafi ba sanyi. Kula mai rauni ba ta riƙe abinci da zafin gaske, ba ta kuma barinsa ya huce, sai ta tsare shi a tsakiya, da ɗumi da gumi, murfi a rufe. Shinkafa ta fi kowa shiga wannan hatsari. Akwai wata ƙwayar cuta da masana ke kira Bacillus cereus, wadda irinta ba ya mutuwa da dafuwa. In shinkafa ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta farka ta saki dafi, dafin kuma ɗumame ba ya kashe shi. Yaro ya dawo daga makaranta yana amai, a ce sammu ne ko shawara. Wake da alala da duk abin da aka sa wa ƙwai ko kifi su ma ba sa jimiri. Abin mamaki, tsamin nan da ke cin alminiyam yana ɗan rage wa ƙwayoyin cuta hanzari, sai dai bai kai a dogara da shi ba.

Gwada kula ba wuya. A cika ta da tafasasshen ruwa da safe, a rufe. In bayanta ya ɗauki zafi cikin 'yan mintoci, zafin guduwa yake yi. In an buɗe da azahar ruwan bai fi ƙarfin yatsa ba, to ba ta isa riƙe shinkafa zuwa wannan lokaci ba. Kafin a zuba abinci kuma a ɗauraye cikinta da ruwan zafi, a zuba girkin yana tururi, a cika ta sosai, don rabin kula ya fi saurin hucewa. Zoben robar da ke cikin murfi a riƙa cire shi ana wankewa. Wanda bai taɓa cirewa ba, ranar da ya cire zai ga baƙin da ya taru a ƙarƙashi.

Tun da aka buɗe ilmin firamare kyauta a 1976, yaran ƙauyukan nan suka fara wuni a aji maimakon gindin murhun uwa. A watan Janairu na 2016 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta fara ciyar da 'yan firamare a Jihar Kaduna, Gwamnatin Tarayya ma ta ƙaddamar da nata shirin a wannan shekara, amma abin bai ɗore yadda aka faro shi ba, nauyin ya komo kan iyaye. Uwar da ba ta da kuɗin kular silba ba ta rasa mafita ba. Ta sayi roba mai lamba 5, ta bar abinci ya ɗan sha iska kafin ta zuba, ta ce wa yaron ya ci a tara ta farko kada ya jira tashi. Ranar da za a daɗe kuwa ta ba shi abin da ba ya saurin lalacewa, gasasshiyar masara, gyaɗa, dankali, ƙosai ko lemo.

Tsohuwar langar da ta ɓantare ita ma ba a yar da ita. Tana iya ajiye busasshiyar citta, ko allura da zare, in ta ƙara tsufa kuma ta koma bayan ɗaki a riƙa zuba wa kaji dusa.